Ikhlasin Magini Ba Ya Sauke Mana Bashin Godiya

Duk wanda ya shiga Jami'ar Duke a Amurka ya ɗaga kai ya ga doguwar hasumiyar dutse ta majami'arta, aikin Julian Abele yake kallo. Baƙar fata ne, haifaffen Filadelfiya a 1881, kuma shi ne baƙi na farko da ya kammala karatun zanen gine-gine a Jami'ar Pensilbaniya, a 1902. Ya zama babban mai zane a ofishin Horace Trumbauer, amma sunan maigida ne ke fita a kan taswira. Ya rasu a 1950, lokacin jami'ar da ya zana ba ta karɓar ɗalibi mai launin fatarsa. Sai a 1963 baƙaƙe suka fara karatun digirin farko a can. To, mantawa da irin wannan mutum laifi ne, ko kuwa ba komai tunda ginin yana tsaye yana amfani? Ni dai na ce laifi ne, kuma yana wuyan masu cin moriyar.

Wani zai ce ai aikin ƙwarai ba ya neman suna, addini ma ya hana riya. Haka ne, amma ikhlasi magana ce tsakanin mai aiki da Ubangijinsa. Shi aka hana neman yabo, mu kuwa an umarce mu da godiya da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Wanda ya fake da tawali'un wani don ya danne sunansa ya mayar da ibadar wani kayan zalunci. Wani kuma zai ce gini aikin hannu da yawa ne, kuma al'adar ofisoshin wancan zamani ce maigida ya sa hannu. Wannan ma gaskiya ne, sai dai al'adar ta fi yi wa wanda aka riga aka rufe wa ƙofa nauyi. Idan aka ɓoye cewa baƙi ya zana harabar, an bar ƙaryar da ke cewa ba zai iya ba tana yawo, yaron da zai yi koyi da shi kuma ya rasa abin koyi.

Duke ta rataye hotonsa a 1988, ta sa wa babban filin harabarta sunansa a 2016, shekara 66 bayan rasuwarsa. Gyara ne, amma ya makara. Mai karatu, bincika wa ya zana makarantarku da masallacinku, ka rubuta sunansa tun masu saninsa suna raye.