Kafin Ka Taka Tafkin Da Ya Daskare

Ɗana, tunda sanyi ya shigo kuma kana can ƙasar ƙanƙara, na san ba da daɗewa ba wani abokin karatu ko abokin aiki zai ce ka zo ku je kamun kifi a kan tafki. Yaranmu da yawa suna Winifeg da Toronto a Kanada, wasu suna Minisota a Amurka, kuma a waɗannan wurare fita fatsa a kan ƙanƙara al'ada ce ta iyali, kamar yadda fita gona take a wurinmu. A tafkin Gull kusa da garin Brainerd akan yi gasar da take tara dubban mutane a rana ɗaya, kowa da raminsa da ƙugiyarsa. Ba zan hana ka zuwa ba. Ni ma na je, na zauna a bakin rami na ja kifi, na kuma ji daɗin shirun wurin. Amma ina so ka zauna ka saurare ni kafin ka amsa gayyatar.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne kunyarka. Mun rene ku da kara. Mun koya muku cewa baƙo ba ya yawan tambaya, ba ya musu da mai masauki, ba ya cewa ya gaji ko yana jin sanyi. Wannan tarbiyya ce mai kyau a zaure. A kan tafki kuwa tana iya kashe ka. Magabata sun raba wa kowane abu wurinsa da suka ce tsoro na daji, kunya na gida, kuma tafkin da ya daskare daji ne, ko da kana hango fitilun gari daga inda kake tsaye.

Ka fara sanin abin da za ka taka. Ƙasa ba ta ƙarƙashin ƙafarka. Rufi ne kawai a kan ruwa, kuma ruwan da ke ƙasa sanyinsa tsakanin digiri 0 ne zuwa 4. Rufin nan kaurinsa ba ɗaya ba ne ko'ina. Inda kogi yake shiga tafki ko yake fita, ruwa yana motsi yana cin ƙanƙarar ta ƙasa, ido ba ya gani. Haka gindin gada, da wurin da ciyayi suka tsiro, da inda maɓuɓɓuga take. Dusar ƙanƙara da ta lulluɓe wuri ma yaudara ce, domin tana zama kamar bargo, ta hana sanyi ratsawa, sai abin da ke ƙasanta ya ƙi yin kauri. Kana iya tsayawa a wurin da zai ɗauki mota, ka yi taku ashirin ka isa wurin da ba zai ɗauki yaro ba.

Shi ya sa mutanen can suke awo. Hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minisota ta ce kada mutum ya taka ƙanƙarar da ba ta kai inci 4 ba, wato kamar santimita 10, kuma wannan awon na sabuwar ƙanƙara ce mai haske wadda kake iya gani ta cikinta. Ƙungiyar agaji ta Red Cross a Kanada ta fi tsanantawa, ta ce santimita 15 ga mai tafiya shi kaɗai, 20 ga taron mutane. Farar ƙanƙara, wadda dusa ta narke ta sake daskarewa, ƙarfinta rabin na mai hasken ne, saboda haka sai ka ninka awon. Mai launin toka kuwa ruwa ne a cikinta, kada ka kusance ta. Idan ka tambaye ni wane awo za ka bi, ka bi na Kanada. Kai baƙo ne, idonka bai saba da launukan nan ba, ka ba kanka sarari.

Awon kuma ba sau ɗaya ake yi a bakin gaɓa a wuce ba. Akwai wata sandar ƙarfe mai kaifin baki, kamar dagin da ake haƙa rami da shi a gida. Mai tafiya a gaba yana caka ta da ƙarfi kafin ya ɗora ƙafa. Bayan 'yar tazara sai a huda rami a zura ma'auni a duba. A Minisota shawarar ita ce a sake awo duk bayan ƙafa 150.

Bari in faɗa maka yadda na koyi darajar sandar nan. A fitata ta farko, wani dattijo maƙwabcina ne ya ja mu, mutumin da ya tsufa a bakin tafki. Muna hango wasu can gaba sun kafa tantinsu, raina yana ta ɗoki mu isa. Ya caka sandar, a bugu na biyu ruwa ya tsatso ya jiƙa bakin takalminsa. Bai yi dogon bayani ba, ya ce mu juya ta sawun da muka zo, mu ba juna tazara. Na nuna masa mutanen da ke gaba, ya ce bai san ta inda suka bi ba, bai kuma san ko za su dawo ba. Tafiyar sa'a biyu muka yi a mota zuwa wurin, muka koma gida ba kifi ko ɗaya, kuma ban ga alamar damuwa a fuskarsa ba. Irin wannan mutum nake so ka bi. Idan wanda ya gayyace ka ba shi da sanda, ba shi da ma'auni, hujjarsa kawai ita ce ga wasu can, ka ce masa kai za ka tsaya a gaɓa. Ka faɗa da ladabi, amma ka faɗa.

Taron jama'a ba ya ƙara wa ƙanƙara kauri. A watan Fabrairu na 2009, a tafkin Erie ta ɓangaren jihar Ohayo, iska ta tsage wani makeken faifan ƙanƙara ta tura shi nesa da gaɓa da masunta sama da 130 a kai. Sai da aka kawo jirage masu saukar ungulu da jiragen ruwa aka kwashe su, kuma mutum ɗaya ya rasa ransa. A ƙarshen Nuwamban 2022 kusan mutum 200 aka ceto a tafkin Upper Red Lake na Minisota saboda irin wannan tsagewa, a Disamban 2023 kuma aka sake kwaso 122 daga wannan tafkin. Da yawansu 'yan ƙasa ne da suka tashi cikin abin. To, ina kai da ka zo bara? Ka duba hasashen yanayi kafin ku fita. Idan iska mai ƙarfi za ta kaɗa daga gaɓa zuwa tsakiyar babban tafki, ko an yi kwanaki ana ɗumi, ku ɗage tafiyar. Farkon sanyi da ƙarshensa su ne suka fi cin mutane. Masu shagon sayar da kayan fatsa da ke bakin tafki sun san halin da ake ciki a ranar, kuma suna son a tambaye su.

Yanzu kayan da za ka tanada tun daren jiya. Mafi muhimmanci shi ne mafi arha: wasu ƙusoshi biyu masu mariƙi, haɗe da igiya, da ake ratayawa a wuya. Jiƙaƙƙiyar ƙanƙara santsi gare ta, hannu ba ya kama ta, da waɗannan ƙusoshin ne mutum yake caka ya ja jikinsa waje. Ka rataya su a saman riga inda hannu zai kai nan take. Idan suna cikin jaka, daidai suke da waɗanda ka bari a gida. Sai rigar da ke hana nitsewa, ko ta ceto da ka sani, ko kwat ɗin da ake ɗinkawa musamman don wannan fita. Sai doguwar igiya mai abin jifa a bakinta, da usur, da tocila, da ƙarafan da ake ɗaurawa a tafin takalmi don kada santsi ya kayar da kai. Wayarka ka sa ta a ledar da ruwa ba ya shiga, ka ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki, domin sanyi yana shanye batir cikin ɗan lokaci. Ka sa busassun tufafi cikakku a wata leda ka bar su a mota. Lasisin kamun kifi kuma ka yanke shi tun kafin ranar, ana bincike, kuma ba na so takardunka na zama su samu tabo a kan kifi.

Tufafi suna son dogon bayani, domin a nan ne ilimin hunturunmu yake yaudarar mu. Sanyin Jos ko jaurar Damagaram ba su shirya ka don wannan ba. Mun saba da auduga, ita ce suturarmu, amma auduga tana shan gumi ta riƙe shi, jiƙaƙƙiyar riga kuma tana zuƙe ɗumin jiki. Abin da zai taɓa fatarka ya zama ulu ko yadin roba da aka yi don sanyi. A kansa ka ɗora mai kauri, a waje kuma wanda iska ba ta ratsawa. Hawa-hawa ake sa su don ka iya ragewa idan ka fara gumi wajen jan kaya. Kada ka cusa safa uku a takalmin da ya matse ka, jini zai kasa zagayawa, yatsun su fi saurin mutuwa. Ka riƙi safar hannu biyu, ɗaya za ta jiƙe tabbas. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ke waje tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Alamar ita ce wurin ya daina jin komai, ya yi tauri, launinsa ya dusashe. Kada ka murza shi, kada ka kanga shi a wuta. Ruwa mai ɗumi kaɗan, sannan asibiti.

Ka yi alwalarka a gida ko a masauki kafin ka fita, ka riƙe ta. Yini gajere ne a can, azahar da la'asar suna kusa da juna, kuma wanke hannu da fuska a fili cikin wannan iska cutar da kai ne. Ka tafi da shayi mai zafi a fulas da abinci mai riƙe ciki. Idan wasu a cikin tafiyar suna shan giya wai don ɗumi, ka sani tana buɗe jijiyoyin fata ne ɗumin ya ƙara tserewa, kuma tana rage hankali. Kada ka bar mai sha ya ja muku gora.

Akwai haɗarin da ka riga ka sani tun daga gida. Sau nawa muka ji iyali sun kwanta da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, gari ya waye babu wanda ya tashi? Gubar da ke kashe su ce dai take taruwa a tanti ko 'yar bukkar da ake kafawa a kan ƙanƙara idan an kunna murhun gas an toshe kafofi. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ka bar kafar iska a buɗe ko da sanyi yana shigowa, ka nemi 'yar na'urar da ke ƙara idan gubar ta taru. Idan ka ji ciwon kai, ko jiri, ko tashin zuciya, ko barci yana fizgarka, kada ka daure don kada a ce ka cika raki. Ka fita, ka fitar da kowa.

Shiga mota a kan tafki kuma, shawarata ka guje shi a shekarunka na farko. In ya zama dole, a bi hanyar da masu kula da wurin suka shata, gilashi a sauke, bel a kwance, kuma kada ka sa rigar ceto a cikin rufaffiyar mota, za ta hana ka fita.

Allah Ya kiyaye, amma dole in gaya maka abin yi idan ƙanƙara ta fashe da kai. Kada ka dogara da cewa ka iya iyo. Ko a bakin kogin Argungu ka girma, wannan ruwa daban ne. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya shafe shekaru yana nazarin abin da ruwan sanyi yake yi wa jiki, har da shiga da kansa, ya taƙaita shi da lambobi uku: 1, 10, 1. Minti ɗaya na farko numfashi zai ƙwace maka, ka riƙa haki ba da sonka ba. Aikinka a wannan minti shi ne ka tsare bakinka sama da ruwa har numfashin ya lafa. Daga nan kana da kamar minti goma da hannuwanka za su yi maka aiki kafin su sandare. Kafin suma saboda sanyi ta zo kuwa, ana iya ɗaukar kusan sa'a guda. Ka ga ke nan akwai lokaci, firgita ce take cinye shi.

Ka juya ta inda ka fito, domin can ne ƙanƙarar ta ɗauke ka ɗazu. Ka shimfiɗa hannuwa a kanta, ka bubbuga ƙafafu har jikinka ya kwanta a saman ruwa, ka caka ƙusoshin ka ja kanka da ciki. Idan ka fito kada ka miƙe tsaye. Ka mirgina ko ka ja ciki har ka yi nisa da ramin. Idan ka kasa fita, ka ɗora hannuwanka a kan ƙanƙarar ka daina kokawa, ka busa usur.

Idan kuma wani ne ya faɗa, na san zuciyarka, da gudu za ka nufe shi. Kada ka yi, ɗana, ramin zai ci ku biyu. Ka kira 911 tukuna, ka yi masa magana ya natsu, ka kwanta daga nesa ka jefa masa igiya. Bayan ya fito a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a riƙe shi a hankali a kwance, kada a murza masa gaɓoɓi, kuma likita ya gan shi ko da ya ce ya warware.

Kada ka je kai kaɗai. Kafin ku tashi, ka gaya wa wani da ke gari sunan tafkin, da mashigar da za ku bi, da lokacin dawowarku, ka ce masa idan lokacin ya wuce bai ji ka ba ya kira hukuma. Ku bar tafkin da sauran hasken rana. Idan ƙafarka ta taka ƙasa, ka kira gida, ko da dare ya yi a wurinmu. Mahaifiyarka ba za ta runtsa ba sai ta ji muryarka, ni ma wayata tana gefen matashina.