Idon da Ke Cikin Madubi

Akwai wani fim na Amurka mai suna Taxi Driver, wanda Martin Scorsese ya shirya a shekarar 1976. Ban ce ka kalle shi tare da iyalinka ba, domin jini ya yi yawa a cikinsa. Ƙarshensa nake so mu auna tare.

Travis Bickle tsohon soja ne na zamanin yaƙin Biyetnam. Barci ya ƙaurace masa, sai ya kama tuƙin tasi da dare a birnin New York. Ya sayi bindigogi, ya ƙulla niyyar kashe wani sanata mai neman shugabancin ƙasa. Masu tsaro suka tsargu da shi, ya tsere. Daga nan ya afka gidan da ake karuwanci da wata yarinya 'yar shekara 12, ya kashe mutum uku, ya juya bindiga ga kansa, ya tarar harsashi ya ƙare. Jaridu suka ɗaukaka shi, mahaifin yarinyar ya aiko da wasiƙar godiya.

Waɗansu masu kallo sun ce wannan yabo mafarki ne na mai fitar rai. Paul Schrader, marubucin labarin, wanda ya tashi a gidan masu bin koyarwar Kalbin, bai yarda da haka ba, ni ma ina bayansa. Ka lura da abin da ya sa fassarar mafarki take da daɗi. In mafarki ne, ciwon na Travis ne shi kaɗai. In kuwa gaske ne, garin da ya tafa masa yana da rabo a ciki. Zuciyar da ta nufi sanata ita ce ta shiga gidan nan, ba ta sāke ba. Da masu tsaro sun yi sakaci, mai kisankai za a kira shi.

A Littafin Ƙidaya sura 31, mayaƙan da suka zub da jini sai da suka kwana bakwai a bayan zango suna tsarkakewa, ko da yake su suka ci nasara. Travis bai sami ko kwana ɗaya irin wannan ba. Tsohon sojan da ke zama kusa da kai ran Lahadi, wa ya taɓa tambayarsa yadda yake kwana?

A ƙarshen fim ɗin Travis yana tuƙi cikin dare, fuskarsa a sake. Farat ɗaya idonsa ya faɗa kan madubin mota, ya zabura kamar wanda ya hango wani abu a bayansa, ya kai hannu ya juya madubin.