SHIN UMURNIN HUKUMA YANA WANKE JININ DA BARANTA YA ZUBAR?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, mas'alarmu ta yau ita ce ta ɗan leƙen asirin da hukumar ƙasarsa ta aika wata ƙasa, ya yi kisa ko satar mutum, ya koma gida. Alƙalan ƙasar da aka yi wa ɓarnar suka tabbatar masa da laifi, suka ce a miƙo shi, hukumarsa ta ƙi. Shin wannan ƙi kariya ce ga ɗan ƙasa, ko kuwa tarayya ce cikin zalunci?

Wagga mas'ala ba ta nesa da mu. Ranar 19 ga watan Satumba 1989, jirgin sama na kamfanin UTA ya taso daga Kwango, ya ya da zango a Injamena, ya nufi Faris. Bom ya tarwatsa shi a saman hamadar Tenere, cikin ƙasarmu. Mutum 170 ne a ciki, ba wanda ya tsira. A 1999 kotu a Faris ta yanke wa ƴan Libiya 6 ɗaurin rai da rai a bayan idonsu, cikinsu har da Abdullahi Sanusi, babban jami'in leƙen asiri, kuma mijin ƴar'uwar matar Kanar Gaddafi. Libiya ba ta miƙa ko ɗaya ba. A 2004 aka daidaita a kan diyyar dala miliyan 170, wato miliyan guda kowane rai. Da aka kama Sanusi a Muritaniya a 2012, bayan faɗuwar Gaddafi, Libiya aka mai da shi, ko da yake Faransa ma ta neme shi.

Kada wani ya zaci wannan hali na mulkin soja ne kawai. Ranar 17 ga watan Fabrairu 2003, a birnin Milan na Italiya, jami'an hukumar leƙen asiri ta Amurka, wato CIA, suka sace wani limami ɗan Masar, Abu Umar, yana kan hanyar masallaci, alhali Italiya ta riga ta ba shi mafaka. Aka bi da shi ta sansanin soja na Abiyano, da na Ramshitain a Jamus, har Alƙahira, inda aka azabtar da shi. Sai 2007 aka sake shi. A 2009 kotun Milan ta tabbatar wa Amurkawa 23 da laifi a bayan idonsu, daga baya suka kai 26. Gwamnatin Italiya ba ta ma aika wa Amurka takardar neman su ba. A 2013 aka tsare tsohon shugaban ofishin CIA na Milan a ƙasar Panama, nan da nan aka sake shi ya tafi gida. Shugabannin Italiya suka yi wa waɗansu afuwa, suka rage wa waɗansu. Ba wanda ya yi zaman wa'adinsa a kurkukun Italiya. A 2016 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta ce Italiya ta yi laifi, domin ta fake da sirrin ƙasa ta bar masu laifi ba hukunci.

Masu ƙin miƙawa suna da hujjoji uku, kuma adalci shi ne a saurare su. Ta farko: jami'i bara ne, umurni aka ba shi. Ta biyu: hukuncin da aka yi a bayan idon mutum bai cika ba, tun da bai kare kansa ba. Ta uku: wajibin hukuma ne ta tsare ɗanta, dokokin ƙasashe da dama ma sun hana miƙa ɗan ƙasa ga kotun waje.

Game da ta farko, ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa wani shugaban rundunar sahabbai ya yi fushi, ya sa aka hura wuta, ya umurci mutanensa su shiga. Suka ƙi. Da labari ya isa ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gaskata ƙin da suka yi, ya bayyana cewa ɗa'a ga shugaba iyakarta abin da shari'a ta yarda da shi. A mazhabar Imamu Malik, wanda aka tilasta wa kisa ya kashe, kisasi yana kansa, yana kuma kan wanda ya tilasta shi. To, in mai tsoron ransa bai kuɓuta ba, yaya mai karɓar albashi? Sai dai hujjar tana nuna mana wani gefe: kama ƙaramin bara a bar wanda ya sa hannu kan umurni rabin adalci ne. Laifin yana hawa har inda umurnin ya fito.

Game da ta biyu, malamai sun saɓa. Hanafawa ba su yarda a hukunta wanda ba ya nan ba. Malikawa sun yarda da shi a haƙƙoƙin mutane, tare da sharaɗi: ranar da ya bayyana, ana sauraren hujjarsa. Ashe ke nan maganin gibin wannan hukunci shi ne mutum ya zo gaban alƙali. Hukumar da ta ɓoye shi, sa'an nan ta ce ba a ji ta bakinsa ba, ta yi kama da wanda ya toshe rijiya yana kukan ƙishirwa.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi. Akwai kotunan da ba a samun gaskiya a cikinsu, akwai kurkukun da ake azabtarwa, kuma ba ya halatta a tura ɗan'adam inda aka san za a zalunce shi, ko da mai laifi ne. Amma dokar ƙasa da ƙasa ta buɗe ƙofa ta biyu. Yarjejeniyar Mantiriyal ta 1971 a kan tsaron jiragen sama, da ta 1984 mai haramta azabtarwa, sun aza ƙa'ida guda: ƙasar da wanda ake tuhuma yake cikinta, ko ta miƙa shi, ko ta kai lamarinsa ga masu gabatar da ƙara nata. Wadda ta ƙi duka biyu, asirin kanta take tsarewa, domin baran da ya tsaya gaban alƙali yana iya faɗin wanda ya aike shi.

Sai batun kuɗi da afuwa. Diyya haƙƙi ce ta magada, karɓarta ba abin kunya ba ne. Amma a wurin Malikawa, kisan gilla da tare hanya ba sa faɗuwa da yafewar magada, saboda ɓarna ce ga aminci na jama'a duka. Shugaba kuwa ba shi da ikon yin kyauta da haƙƙin da ba nasa ba. Ku tuna matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usamatu ɗan Zaidu ya yi mata ceto. Manzon Allah ya yi fushi, ya sanar da su cewa abin da ya halaka al'ummomin farko shi ne ƙyale babba da hukunta mai rauni. Matalauci ya saci akuya ya kwana a kurkuku, mai tarwatsa jirgi ya kwana a gidansa: wannan ita ce cutar da aka gargaɗe mu a kanta.

A nan akwai jarrabawa gare mu. Waninmu yana jin zafin abin da aka yi wa limamin Milan, ya yi shiru a kan Tenere, don mai laifin musulmi ne. Wani kuma akasin haka. Ma'auni biyu a hannu guda ha'inci ne. Shi kansa Abu Umar, kotun Milan ta yanke masa ɗaurin shekara 6 a 2013, a bayan idonsa, bisa tarayya da ƙungiyar ta'addanci. Wannan bai halatta sace shi ba. Masu binciken Italiya suna bin sawunsa tun kafin 2003, satar ce ma ta katse musu aiki. Mai laifi yana da haƙƙin a kai shi gaban alƙali, wanda aka zalunta yana da haƙƙin ya ga an hukunta azzaluminsa.

Saboda haka amsarmu ita ce: umurni ba ya wanke jini, kuma hukumar da ta ƙi miƙawa ta ƙi hukuntawa ta shiga cikin laifin. Duk wanda ke cikinmu mai ɗamara, soja ne ko jandarma ko ɗan sanda, ya san cewa ran gobe shi kaɗai za a tambaya abin da hannunsa ya aikata.

Allah shi jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, shi ba shugabanni ikon tsai da gaskiya ko a kan nasu. Allah shi ne masani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.