Shin Busasshen Icce Yana Tanƙwaruwa?

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun riƙe wannan magana hannu bibbiyu saboda tana da daɗin fakewa. Da zarar an ce wa babba ya gyara abin da ya saba yi ba daidai ba, sai ya shafa gemu ya ce ai shi ya riga ya bushe. Ni kuwa ina ganin ba bushewa ke hana babba gyara ba, tsoro ne.

Akwai wani wasa na ƙasashen sanyi da muke gani a talabijin, wato zamiya a kan ƙanƙara. Ana sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, kaurinsa kusan milimita 4, a kansa mutum zai tsaya ya yi gudu. Babba idan ya zo koyo, yakan sandare gwiwoyi, ya kafa wa ƙafafunsa ido, in ya ji zai zame sai ya ja jiki baya. Dukkansu dabaru ne da suka yi masa rana shekara da shekaru a kan tandarƙasa, amma a kan ƙanƙara su ne ke kayar da shi, wani lokaci ma ta ƙeya. Abin da ake so shi ne ya lanƙwasa gwiwa, ya ɗan karkata gaba, ya dubi inda za shi. Shi ya sa tun a darussan farko ake koya wa ɗalibi yadda zai faɗi da yadda zai tashi.

Ka ga ke nan mugun sabo ba kullum daga sakaci yake fitowa ba. Sau da yawa tsohon masoyi ne da ya taɓa ceton ka, shi ya sa rabuwa da shi ke da zafi.

Mu a nan Sudan ba mu da ƙanƙara, amma muna da santsin da ya yi kama da ita, wato harshe. Kakanninmu sun biyo hanyar Makka da ƙafa, da yawansu suka yada zango. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Waɗanda aka haifa a nan sun tashi da harshe biyu a baki. Baƙon da ya zo da girmansa shi ke shan wuya.

Kafin yaƙi, na sha zama wajen masu takalma da jakunkunan fata a Kasuwar Umdurman ina sauraron irin waɗannan baƙi. Mutum ya sauke Alƙur'ani a Kano ko Maraɗi, ya karanta littattafai a zaure, amma ɗan tireda ya ce masa "dayir shinu?", wato me kake so, sai ya yi turus. Harafin da muke ji a "alƙalami", mutanen nan "g" suke mai da shi, su ce "galam". Harafin "dad" kuwa mu "l" muka mai da shi tun da daɗewa, daga nan muka samu alƙali da alwala da larura da farilla. A Hausa waɗannan kalmomi daidai suke, babu mai taɓa su. Amma wanda ya tsaya gaban likita ya ce shi "maril" ne maimakon "marid", sai an sake tambayarsa me ke damunsa.

To, wane sabo ya kamata a karya, wane kuma za a bari? Ba duk bambanci ne kuskure ba. Mu da Warshu muka tashi, nan kuwa riwayar Duri ce ta gado, kowacce ingantacciya ce. Agashe, naman nan da Hausawa suka kawo, ya ci kasuwar Sudan da sunansa na gida, bai canza riga ba. Ma'aunina ɗaya ne: sabon da ke kayar da kai, ya hana a fahimce ka ko ya cutar da wani, shi za a karya. Wanda kawai yake nuna daga inda ka fito, riƙe abinka, ko da ana dariya.

Dariyar nan kuwa ita ce ainihin abin da babba ke tsoro. Yaro ya faɗi sau goma ya tashi yana murna, domin ba ya ɗauke da komai. Babba yana ɗauke da girma a ka kamar tulu, ya gwammace ya mutu da kuskurensa da a ce girma ya faɗi. Amma ina amfanin girman da yaro ba zai iya gaya masa gaskiya ba?

A aikinmu na rediyo muna ganin haka. Wanda ya saba magana a taro yakan zo yana yi wa makirufo ihu, yana jan numfashi daga ƙirji. Ba a gyara shi da wa'azi. Ana naɗar muryarsa a kunna masa ya ji da kunnensa, a ɗauki aibi ɗaya tak a bi shi a hankali har ya kau, sannan a koma na gaba. A makonnin farko yakan fi da lalacewa, domin tsohon ya tafi, sabon bai zauna ba. A nan yawancin mutane ke komawa gidan jiya, alhali wannan tangal-tangal ɗin ita ce shaidar gyara ya kama.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, miliyoyin mutane sun bar gidajensu. Dattawan da suka ƙware a sana'a yau suna Masar da Chadi da sauran wurare, suna koyon wani ciniki, wasu har da wani harshe, yaran da suka haifa ne malamansu. Idan muka ci gaba da gaya musu busasshen icce ba ya tanƙwaruwa, mun yanke musu ƙauna. Gara mu tuna musu ɗaya maganar da iyayenmu suka bari, cewa gemu ba ya hana ilimi. In kuma muka ga dattijo ya zame yana koyo, mu miƙa masa hannu, mu haɗiye dariyarmu. Allah Ya ba mu zaman lafiya.