INA JAKUNAN ƘASAR GUMEL SUKE TAFIYA?



'Yan uwa, yau maganar jaki za mu yi, kada wani ya yi dariya. Allah Ya ambace shi a Suratun Nahli tare da doki da alfadari cikin ni'imomin da Ya yi mana, a Suratul An'am kuma Ya sanar da mu cewa dabbobi al'ummomi ne kamar mu. Al'umma kuwa tana yawaita, tana raguwa, tana ma iya ƙarewa.

Yawan kowace dabba a ƙasa yana ƙaruwa ne da haihuwa da shigowa, yana raguwa da mutuwa da fita. Sai dai Allah bai daidaita su wajen haihuwa ba. Akuya wata 5 take ɗaukar ciki, sau da yawa tagwaye take zubarwa, shi ya sa ko fari ya cinye garke, in damina ta yi kyau shekara biyu ko uku sai ka ga turke ya cika. Abin da ke taka wa awaki burki shi ne ciyawa da ruwa. Jaka fa? Kimanin wata 12 take da ciki, ɗa ɗaya tak, ta shayar da shi watanni, 'yar da ta haifa kuma sai ta shekara biyu zuwa uku kafin ta fara. Ga aikin wahala, ga yunwar bazara.

Mu ƙaddara wani gari a Sule Tankarkar yana da jakuna 100, mata masu haihuwa 40, kowace tana haihuwa shekara biyu-biyu. 'Ya'ya 20 kenan a shekara. A ce 10 sun mutu, saura ƙarin 10. To idan dillalai suna fitar da 30 duk shekara, garin yana asarar 20. Kuma in matan ake kwasa, baɗi ko 20 ɗin ba za a haifa ba. Wanda ya sayar da jaka mai ciki ga mahauci, ita ya sayar, da ɗanta, da jikokin da ba a haifa ba.

Wani zai ce, Malam, ai ranar Alhamis kasuwar Maigatari akwai jakuna. E, akwai. Amma tambayi daga ina suka zo. Kasuwar kan iyaka ce, da yawansu daga Nijar ake koro su, shigowa ce take rufe mana ido. Sannan ina suka nufa? A da manomi ke sayen jaki ya mayar da shi ƙauye, ya ɗaura masa mangala ya kai taki gona, ya ɗauko gero da riɗi da zoɓo, ya ratsa yashin da babur ke kafewa. Yanzu ana loda su a tirela zuwa Kudu a yanka, a ci naman, fatar ta wuce Sin, inda ake dafa ta a yi wani maganin gargajiya da suke kira ejiao. Su can sun riga sun ga ƙarshen lissafin: jakunansu sun sauko daga miliyan 11 a 1990 zuwa ƙasa da miliyan 2 a 2021, shi ne suka juyo Afirka. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Doka dai tana takarda, hanyoyin daji suna nan.

A Muwaɗɗa, Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya hana mai karɓar zakka ɗaukar dabba mai ciki, da mai shayarwa, da ragon da ke barbara. Malamai sun ce don kada a ɗauke wa mutum mafi kyawun dukiyarsa ne. Haka ne. Amma ku duba, waɗannan su ne ainihin irin garke. Zakka ma, da take farilla, an ce ta bar su.

Sayar da jaki halal ne, ban ce haram ba. Naman jakin gida ne Annabi (SAW) ya haramta ranar Khaibara. Kai kuwa dillali, ka san wanda ya zo neman jakin aiki, yana duba baya da ƙafa da haƙora, ka kuma san wanda ba ya duba komai sai adadi. Na biyun nan ba gona zai kai su ba. Kuma tun da fata ta yi kuɗi, ɓarawo ma ya san hanyar turke, don haka a tambayi asalin dabba kafin a karɓi la'ada.

Mai jaka a Gagarawa ko Maigatari, in lalura ta matsa, cefane ne ko asibiti, Allah Ya san halinka. Ka fara duba namiji ko wanda ya tsufa, ka nemi manomi ya saya ko da ragi kaɗan ne. Macen nan ka bar ta a turke, don in ta fita, kuɗin da ka karɓa yau da wuya ya sayo maka irinta baɗi.

Wallahu a'alamu.