Ɗaci Mai Awo

Ya Ubangiji, gari bai gama wayewa ba. Na idar da sallar asuba, ina zaune a kan buzun Baba a zaure. Iskar damina tana shigowa daga wajen dam, da sanyinta da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Can bakin titi motocin Gusau sun fara wucewa zuwa Funtua. Cikin gida shiru.

Na gode maKa da wannan shirun. Kwana biyu ba mu same shi ba.

Shekaranjiya zazzaɓi ya kayar da ɗan yayata. Aka kai shi asibiti, aka gwada jininsa, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Aka ɗora shi a sikeli, kilo 12. Aka ba da ƙwayoyi shida, sau biyu a rana, kwana uku.

Yaya ta miƙo mini kwalin. Ta ce, "Kai ne mai karatun magani, zo ka ba ɗanka."

Na murƙushe ƙwayar a cokali, na ɗiga ruwa. Yana ganina ya datse haƙora, ya hau shure-shure. Uwarsa ta rungume shi, ta riƙe hannayensa biyu. Ya ɗago ya dube ta da jajayen idanu, kamar mai cewa har da ke. Ya haɗiye, ya tsala ihu. Da kukan ya lafa, jikin wadda ta riƙe shi ɗin ya koma ya kwanta.

Tun ranar nake ta bimbini a kan abu ɗaya. Yaron nan ɗaci kawai ya sani. Bai san an auna shi kafin a ba shi ba. Bai san da nauyinsa ya kai kilo 15 da ƙwaya biyu zai sha ba. Bai san akwai wanda ya zauna ya yi lissafin abin da ɗan jikinsa zai iya ɗauka ba.

Ya Allah, ni ma na daɗe ban sani ba.

Ka san shekarata ta farko a jami'a. Ka ga ranar da na bar Mairuwa da sabuwar jaka, ana ta sa mini albarka a ƙofar gida. Ka ga yadda na shiga ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane, malami yana can nesa, Turancinsa yana gudu kamar ruwan kwari. Ban gane ba, kuma na ji kunyar in ce ban gane ba. A sakandare ni ake tambaya. Girman kai ya ɗinke mini baki.

Sai na fara fashin aji. Na riƙa cewa gobe zan karanta. Wayar hannu ta cinye mini darare. Ban ɓoye maKa komai ba, domin ba abin da ke ɓoyuwa gare Ka. Laifin nawa ne.

Ranar da aka liƙa sakamako, na bi lambata da yatsa a jikin allo. Lissafi, faɗuwa. Fiziks, faɗuwa. Kemistiri, wanda nake taƙama da shi, shi ma faɗuwa. A ma'aunin da ƙololuwarsa 5 ce, ko 1 ban kai ba. Aka ba ni shekarar gargaɗi. Na shige ta da kariyoba a wuya da tsoro a ciki, ban farfaɗo ba. Aka sallame ni.

Da na sauka daga mota, na zauna a bakin titi har aka kira magariba. Ba na son a gan ni da jaka da rana.

Baba bai yi faɗa ba. Ya dube ni, ya dubi jakar, ya ce, "Ka ci abinci?" Washegari ya jingine mini fartanya a ƙofar ɗaki. Inna kuwa ta dama fura da nono ta ajiye a gabana. Ta ce, "Sha, ɗan nan. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama."

A lokacin na ɗauka Ka juya mini baya. Ina yin salla, ina ɗaga hannu, zuciyata tana kallon ƙasa. Na datse haƙora kamar yaron nan.

Shekarun da na yi a gida shekaru ne masu nauyi ga yankinmu duka. A watan Disamba na 2020 aka kwashi ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Gonakin nesa suka gagari masu su. Daga Faskari har Sabuwa mutane suna kwana da kunne ɗaya a buɗe. Na ga iyayen da suka rasa 'ya'ya, na ga waɗanda suka sayar da gona don fanso nasu.

Ya Ubangiji, wannan ɗacin ya fi ƙarfin sikelina. Ba zan ce na san awonsa ba. Na bar shi a hannunKa, ina roƙon Ka share hawayen masu shi. Abin da na iya gani shi ne nawa ƙarami ne, kuma na yi ta kuka a kansa kamar duniya ta tashi.

A 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumominmu. Wayata ta zama fitila kawai. Na daina ganin hotunan abokan karatuna a Facebook, suna hawa aji ina gona. Dare ya yi tsawo. Wata rana bayan isha'i na jawo tsohon littafin kemistiri daga ƙasan jaka, na kaɗe ƙurarsa, na buɗe shafin farko.

Ba wanda ke kallona. Ba jarrabawa a gabana. Na karanta shafi ɗaya sau uku har ya shiga. Kashegari na ƙara ɗaya. A daren nan ban san Kai ne Ka yi mini shiru don in ji ba.

Daga baya Baba ya sayar da masara, na shiga makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtua. Ƙofa ce da ke kusa da gidanmu tun da can, ban taɓa ɗaga kai na dube ta ba. Na zauna karatun IJMB, darussa uku: kemistiri, fiziks da bayoloji. Waɗanda ke benci ɗaya da ni sa'o'in ƙannena ne. Wasunsu suna ce mini Yaya.

A nan Ka koya mini kalmomi uku da suka gagare ni a baya. Na ɗaga hannu a gaban yara, na ce, "Malam, ban gane ba." Rufin ɗaki bai faɗo ba. Malamin ya goge allo ya sake daga farko. Da aka tashi, mutum biyu suka ce mini su ma ba su gane ba.

Na rubuta jarrabawa. Na cike neman shiga aji biyu kai tsaye ta hukumar JAMB. Na jira. Jiran ma magani ne, kuma shi ma yana da ɗaci.

Ranar da na ga sunana a Tsangayar Harhaɗa Magunguna, ban yi ihu ba. Na nemi gefe na yi sujada. Da na faɗa wa Inna, ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe ba ta buɗe ba. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya ƙara da cewa, "Ka riƙe amana. Ran mutane za a sa a hannunka."

Na bi hanyar Zariya, na wuce Giwa, na wuce Shika inda asibitin koyarwa yake, na sauka a Samaru. Jami'ar tana nan tun 1962. Dubbai sun shiga ƙofarta kafin ni. Ni dai na shiga da tsohuwar jakar nan da na ji kunyar a gan ni da ita.

A ɗakin gwaje-gwaje, abin da aka fara koya mana shi ne awo. Ka ɗora takarda ko kwalba a kan sikeli, ka danna ya koma sifiri, sannan ka zuba garin magani. In ba ka mayar da shi sifiri ba, nauyin kwalbar zai shiga lissafi, duk abin da ka auna ƙarya ne.

Na tsaya ina kallon sifirin nan a jikin gilashi. Idona ya ciko.

Na tafi jami'a karon farko da nauyin kaina a kan sikeli. Ni ne mai ƙoƙari, ni ne wanda ake nunawa. Duk abin da aka zuba mini, wannan nauyin ya ɓata awonsa. Sai Ka mayar da ni sifiri. Ya yi zafi, ya Allah. Amma tun daga ranar abin da na koya nawa ne na gaskiya.

An koya mana cewa tazarar da ke tsakanin magani da guba awo ne. Wani likitan Turai, Faraselsus, ya yi wannan bayani tun ƙarni na 16. Farasitamol da ke kowane kemis, ƙwaya ɗaya miligiram 500, yana sauke zazzaɓi. Babban mutum ya wuce giram 4 a yini, hantarsa tana cikin haɗari. Ƙwayar ɗaya ce. Hannun da ya auna ne ya raba.

Ina tunanin abin da zai faru da an ƙara mini kaɗan a kan nawa. Da Baba ya kore ni a daren nan. Da Inna ta yi kuka a gabana. Da masarar ba ta yi ba. Wataƙila da na karye. Ina kuma tunanin da an rage mini. Da na tsallake da ƙyar, ina jan ƙafa daga aji zuwa aji, da har yau ban iya cewa ban gane ba. Da wata rana na tsaya a bayan kanta da takardar likita a hannu, ban fahimce ta ba, ina jin kunyar tambaya.

Ka san nauyina. Ka ba ni daidai da shi.

Maganin da na ba yaron nan yana son maiƙo. An ce a bi shi da madara ko nono, domin jiki ya fi tsotse shi. Shi ya sa Yaya take dama masa madara bayan kowace ƙwaya. Jiya da na ga kofin a hannunta, na tuna da furar Inna. Ba Ka ba ni ɗacin shi kaɗai ba. Ka haɗa mini da abin da zai sa ya shiga jiki.

Ko shi maganin da faɗuwa ya fara. Wata mata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta sun gwada tsirrai da yawa ba nasara. A 1971 suka dace da hanyar tatso sinadarin daga wani ganye ɗan uwan tazargade. Sai a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Gwajin da bai yi ba yana cikin ƙwayar da ta sauke zazzaɓin ɗanmu a Mairuwa.

Amma ya Ubangiji, kada Ka bar ni in ɗaura dogarona a jikin takarda. Akwai wanda muka zauna benci ɗaya a Funtua. Ya fi ni ƙwazo, ya fi ni tashin dare. Sunansa bai fito ba. Yanzu yana koyar da yara a wata firamare, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ba Ka fi so na a kansa ba. Awonsa daban, nawa daban. Da sunana bai fito ba, da Kana nan kusa kamar yadda Kake a daren da na zauna a bakin titi.

Wannan ne nake son zuciyata ta koya, kuma ba ta gama koyo ba. Har yanzu in aka ce an liƙa sakamako, cikina yana ɗurar ruwa. Akwai sauran shekaru a gaba. Bayan su akwai shekarar sanin makamar aiki, akwai bautar ƙasa. Bayan su akwai ranar da wata uwa za ta miƙo mini takarda, ta karɓi abin da na ba ta, ta ɗura wa ɗanta ba tare da ta tambaye ni ba.

Ita ba ta iya karanta rubutun likita. Ta yarda da hannun da ya auna ne kawai. Ka sa in cancanci wannan yardar. Ka sa ni ma in yarda da Kai haka, a ranar da na kasa karanta abin da Ka rubuta mini.

Jiya da yamma zazzaɓin ya sauka. Yaron ya fito tsakar gida yana bin kaji. Yaya ta ce ko a bar sauran, tunda ya warware. Na ce a'a, Yaya, sai ya cika shida, in ba haka ba ciwon zai iya dawowa.

Ni ma na ji sauƙi, ya Allah. Kada in ce na warke in ajiye sauran. In akwai abin da ya rage mini, Ka ba ni a lokacinsa, Ka riƙe ni kamar yadda uwar nan ta riƙe ɗanta. In na yi shure-shure, kada Ka sake ni. In na gama kuka, jikinKa zan dawo, ba ni da wani wurin.

Gari ya waye. Hayaƙi ya tashi daga madafa. Na ji muryarsa daga ɗakin uwarsa, yana neman koko.

Saura ƙwaya biyu. Bari in tashi in wanke cokali.