Furen Tumatir da Iyakar Hannun Ɗan Adam

A fadamun Bomo, kusa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, manomi yakan ware iri daga tumatirin da ya fi 'ya'ya. Game da abin da ke ƙara wa tumatir 'ya'ya, a 2017 Zachary Lippman da abokan aikinsa a Amurka suka nuna yadda ƙwayoyin gado biyu ke sa furen tumatir yin rassa: in rassan sun yi yawa, furanni su zube ba 'ya'ya, in sun daidaita, amfani ya ƙaru. Wasu na ganin taɓa waɗannan ƙwayoyin gado shisshigi ne cikin halittar Allah. Amma Allah ne ya sanya ma'aunin, masani gano shi kawai ya yi, kuma Annabi (SAW) ya bar wa manoman Madina barbarar dabinonsu. Inda zunubi zai shigo shi ne a mallake irin, talaka ya rasa.